Ranar da Zakaran Cleveland Ya Bi Ƙwallonsa

Zvonko Perak ya yi sati uku a Amurka, ya dawo ya shekara ashirin da shida yana ba da labarinta. Bikin ɗan baffansa ne ya kai shi Cleveland. Aka ci aka sha, ana gobe zai taho aka kai shi gidan wasan mirgina ƙwallo, ya yi jifa huɗu. Duk garinsu Jasenik an san jifa huɗu ne, don ɗan baffan ya zo hutu ya faɗa. Amma a bakin Zvonko jifan nan sun yi ta haihuwa har suka zama kofin zinariya, kofin kuma ya ɓace a filin jirgi.

Lokacin da yake tuƙa bas ɗin Osijek abin da sauƙi, fasinja ke shan labarin, su sauka su huta. Da ya ajiye aiki yana da shekara hamsin da biyar, 'ya'yansa biyu duk sun tafi Jamus, sai ya zamana ba shi da sauran fasinja sai matarsa Slavica. Ya bi ta kicin ya ce gishiri ya yi yawa. Ya bi ta lambu ya ce ba haka ake ɗaure tumatir ba. Mazan garin kuwa duk yammacin Alhamis suna kuglana, wato gidan wasan ƙwallo na garin, can bayan ofishin 'yan kwana-kwana, suna mirgina ƙwallo suna zagin juna suna dariya. Zvonko na jiyo su daga tagarsa. Sai ya murza gashin baki ya ce wasan yara ne, amma ba ya rufe tagar.

Gashin bakin nan shi ne dukiyarsa. Shekara talatin da ɗaya reza ba ta gifta wurin ba. Kowane ɓangare ya kai tsawon cokalin shayi, ya lanƙwashe sama kamar ƙahon bijimi. Rabon Slavica da ganin leɓen mijinta na sama tun suna amarci.

Wata Lahadi ƙaninta Krešo, kyaftin ɗin 'yan wasan Jasenik, ya zo cin abincin rana fuska a murtuke.

"Tunja ya ɗaga kabewa bayansa ya riƙe," in ji shi. "Likita ya ce wata biyu. Saura sati uku mu kara da Brestik, mutum shida ake so, mu biyar ne. Shekara bakwai suna cin mu, bana kuma ko jifa ba za su yi ba, kyauta za a ba su."

Ya juya wajen yayarsa. "Sai dai ko Yaya za ki..."

Wani abu ya same shi a ƙwauri ta ƙarƙashin tebur, ya haɗiye sauran maganar da miya.

"Ga mijina a zaune," in ji Slavica, tana yanka burodi. "Ba shi da aikin komai ranar Alhamis. Balle Litinin. Balle Laraba."

Zvonko ya ajiye cokali a hankali, ya gyara zama.

"Taɓare nawa kuke kayarwa a wasan naku?"

"Tara, mijin Yaya. Ka sani sarai."

"Tara." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "A Cleveland goma nake kayarwa. Wanda ya saba da goma za a tsorata da tara? Rubuta sunana, yaro. Ka gaya wa mutanen Brestik su taho da hankici."

Ranar Alhamis ya doshi kuglana da takalman lambu. Bai kai ga taka katakon ba aka tare shi da sandar goge-goge. Goggo Manda ce, wadda ta shekara arba'in tana goge layukan nan huɗu har mutum na iya duba haƙoransa a ciki.

"Ina za ka da kofaton nan?"

"Goggo, ni ne na shida."

"Ko kai ne na farko. Tuɓe."

Ta jefo masa silifas ɗin ulu na marigayi mijinta, ta ce ya yi maneji kafin ya sayi takalman wasa. Zvonko ya ce gwani ba ya buƙatar takalmi na musamman. Ya zura su, ya nufi inda ƙwallaye ke jere, ya ɗauki ɗaya. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu. Ya ajiye ya ɗauki wata. Ita ma ya juya ta kamar mai zaɓen kankana.

"Ina ramukan?"

"Waɗanne ramuka?" in ji Krešo.

"Na yatsu. Uku. Yaya mutum zai riƙe abu ba mariƙi?"

Mato, maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda ke jifa na uku a ƙungiyar, ya ce, "Maƙwabci, ƙwallo ce, ba tukunya ba."

Krešo ya nuna masa. A tafin hannu ake ɗora ta, taku uku, a sunkuya, a ajiye ta kan katako kafin jan layi kamar mai ajiye ƙwai. Can ƙarshe taɓare tara na tsaye, sarkinsu a tsakiya, kowace da igiya a ka, in sun faɗi inji ya ja su sama ya sake jera su.

"Ajiye ƙwai," in ji Zvonko. "Shi ya sa Brestik ke cin ku. Matsa ka ga jifan maza."

Ya ja da baya, ya zabura, ya wurga. Ƙwallon ta tashi sama kamar an harba ta, ta dira tsakiyar layi da wata ƙara da ta sa kofunan gahawa rawa a kan kanta, ta yi tsalle ta faɗa layin maƙwabta, ta gangara kwata. Goggo Manda ta dafe ƙirji ta kira sunan waliyyai uku. Jifa goma ya yi a ranar. Taɓarya ɗaya ta faɗi, ita ma a layin Mato.

"Na gode," in ji Mato. "Dama ita ta gagare ni."

"Wannan kofin da ya ɓata a filin jirgi," in ji Tunja daga kan benci, yana dafe da baya, "anya ba masu shi ne suka biyo ka suka karɓe abinsu ba?"

Dariya ta cika ɗakin. Wuyan Zvonko ya yi ja har kunne. Ya ɗaga hannu, ya kama ƙahon dama na gashin bakinsa.

"Kun ga wannan? Ranar da za mu kara da Brestik, jifana na farko, in taɓare tara ba su kwanta ba, a aske shi a nan, gaban kowa. In sun kwanta, kujerar Krešo ta kyaftin tawa ce."

A garin nan mutum na iya rantsuwa da gonarsa a yi dariya, amma ba a wasa da gashin baki. Goggo Manda ta ɗauki alli ta rubuta maganar a allon bango, ta ja layi biyu a ƙasa.

Washegari atisaye ya fara a tsakar gida. Kaka ce, Slavica ta sayo kabeji arba'in za ta jiƙa a ganga da gishiri don abincin hunturu. Zvonko ya jera kwalabe tara a gindin katanga, ya ɗauki kabeji ɗaya, ya huda masa ramuka uku da wuƙa.

"Yanzu aka zo wurin," in ji shi.

Na farko ya fashe a hannunsa. Na biyu ya haye katanga ya faɗa tsakiyar agwagin Mato, suka watse suna kuka kamar an shigo da dila. Na bakwai ya fasa tukunyar fure. Na sha ɗaya ya bi ta ƙarƙashin ƙyaure ya fita titi, titin kuwa gangare ne, ya yi ta gudu har ya tarar da mai rabon wasiƙu a kan keke. Aka tsinci wasiƙun Jasenik a cikin lambatu, mai rabon kuma a cikin shingen makaranta.

Mato ya leƙo ta saman katanga da ganyen kabeji a hula.

"Maƙwabci, agwagina sun ce in tambaye ka ko akwai na gobe, su daina cin dusa."

"Ka yi dariyarka. Hannu nake buɗewa."

"Buɗe shi ta wancan ɓangaren, wajen gidan limamin coci. Shi aikinsa yafiya."

Slavica ta fito ta tsaya tana duban ganyen da ya rufe tsakar gida kamar an yi ruwan kabeji. Kwalabe tara na nan tsaye, ko ƙura ba ta taɓa su ba.

"Zvonko, ƙarfi ya yi yawa. Ka sassauta kafaɗa, ka dubi katakon da ke gabanka, ka daina duban taɓaren."

"Ke kuma me kika sani a ciki? Je ki duba miyarki."

Ta dube shi, ta dubi gashin bakin, ta koma ciki. Duk yammacin Talata, shekara goma sha ɗaya, matar nan na fita da baƙar jaka. Zvonko ya ɗauka waƙar coci take zuwa koyo. Bai taɓa tambaya ba, don mai tambaya dole ya yi shiru ya ji amsa.

Da kabeji ya ƙare ya gane inda matsalar take: kabeji ba shi da nauyi. Ya je ya roƙi Goggo Manda wata tsohuwar ƙwallo da ke ɗakin ajiya. Ta ba shi da sharaɗin kada ta ga ƙeyarsa har sati ya zagayo. Ya ari injin huda katako wajen Mato, ya ɗaure ƙwallon a tsakanin gwiwoyinsa, ya yi wuni guda yana huda. Ya karya bakin injin biyu, ya huda wandonsa, ya kusa huda abin da ba a gyarawa. Amma ramuka uku sun samu.

Alhamis ta ƙarshe kafin gasa ya shigo da ita a cikin jakar cefane, ya fito da ita kamar mai nuna jariri.

"Ku buɗe ido. Yau za ku ga Cleveland."

Ya zura yatsu, ya yi lilo da hannu baya da dukan ƙarfinsa. Ramukan sun yi faɗi. Ƙwallon ta suɓuce ta baya, ta wuce kan Tunja da tazarar yatsa, ta shige cikin kabad ɗin gilashi inda kofi ɗaya tilo da Jasenik ta taɓa ci yake zaune tun zamanin kakanni. Kofin ya fito da kumatu a lotse.

"To, ka kayar da wani abu dai," in ji Krešo.

Tunja ya shafa kansa. "Bayana ya warke. Tsoro ya miƙar da shi. A'a, ya dawo."

Zvonko ya tsinci ƙwallonsa cikin fasassun gilashi yana gyaɗa kai kamar likitan da ya gano ciwo. Santsi ne kawai. Akwai itacen ceri a tsakar gidansa da ke tsattsafo da ƙaro mai kauri. Ranar Asabar ya kankaro cike da kofi, ya narka shi a tukunyar shayin Slavica, ya ajiye a gwangwani.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci kuglana ta cika har taga. Labarin rantsuwar ya riga ya haye kogi, mutanen Brestik suka zo mota biyu, har da wata tsohuwa da aka ɗauko da kujerarta. Ana dafa farfesun kifi a ƙaton kasko a waje. Zvonko ya sha kwano uku don ƙarfi, gishiri da barkono suka kumbura masa yatsu bai lura ba. Ya shigo cikin rigar siliki ja mai sheƙi, an ɗinka ZAKARAN CLEVELAND a baya da zaren zinariya, ga silifas ɗin marigayi a ƙafa. Slavica na zaune a layin gaba, baƙar jakarta a cinya.

Alƙalin wasa, wani tsohon malamin lissafi mai tabarau biyu a wuya, ya ɗaga ƙwallon ya leƙa ramukan.

"A gasarmu ƙwallo mai rami ta yara ce da tsofaffin da suka haura saba'in. Kai wanne ne a ciki?"

"Malam, a bar shi," in ji kyaftin ɗin Brestik da sauri. "Mun yarda. Daga nesa muka zo, kada a hana mu kallo."

Zvonko ya juya baya, ya buɗe gwangwaninsa, ya ɗura ƙaro cikin ramukan har ya tumbatsa. Ya lakato sauran da yatsun hagu, ya murza ƙahonin gashin bakinsa da shi har suka miƙe kamar mashi. Sannan ya cusa yatsun dama. Da ƙyar suka shiga. Ya ji sun zauna daram, ya yi murmushi.

"Krešo, fara share mini kujerar."

Ya ja baya har jikin bango. Ya zabura. Taku uku, huɗu, biyar, ya wurga hannu gaba da ƙarfin da ya tara na shekara ashirin da shida.

Ƙwallon ta tafi. Ba ta bar shi a baya ba.

Ta fizge shi ya haye jan layi, ƙararrawar laifi ta ɗau kuka. Silifas ɗin ulu suka taka katakon da Goggo Manda ta wuni tana gogewa. Ƙafafunsa suka yi ta tuƙa iska kamar mai keke, ya yi rabin layin a guje yana neman birki, shi da ya shekara talatin yana taka birki. Daga nan ya kife rub da ciki, rigar siliki ta karɓi aikin. Hannu a miƙe, ƙwallo a gaba, gashin baki a biye, ya sulale kamar kifi a kan kanta, ya shige cikin taɓaren da kai.

Suka watse gaba ɗaya. Allon ƙidaya ya haska tara.

Daga cikin ramin aka jiyo murya a shaƙe: "Nawa ne?"

Kafin a ba shi amsa inji ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Ya ja igiyoyi. Taɓare suka tashi sama, igiyar sarki kuwa ta riga ta manne da ƙahon hagu mai ƙaro. Aka ga kan Zvonko na tashi a karkace, sannan kafaɗu, har ya durƙusa a kan gwiwa, leɓe a ɗage, haƙora a waje, kamar kifin da ƙugiya ta kama.

"Kashe! Goggo, kashe!" in ji Krešo.

Goggo Manda ta kashe injin, amma ba ta yi sauri ba. Ta tsaya duba layinta tukuna.

Tsohuwar Brestik ta yi dariya har aka ba ta ruwa. Krešo da Mato suka bi gefen kwata da safa suka isa wurin. Suka ja igiyar, Zvonko ya yi ƙara. Suka ja Zvonko, igiyar ta ƙi.

"Tara," in ji shi ta gefen baki. "Ku duba allo. Tara ne. Kujerar tawa ce."

Alƙali ya sa tabarau na farko, ya ɗora na biyu a kai.

"Ka haye jan layi da ƙafa, da gwiwa, da ciki, da haɓa. Shekara talatin ina alƙalanci ban taɓa ganin wanda ya haye shi da dukan jikinsa ba. Sifili."

"Ƙwallon ce ta fara isa."

"Da kai a jikinta. Sifili."

"Wa ke da almakashi?" in ji Krešo.

Slavica ta riga ta taho. Ta buɗe baƙar jaka ta fito da almakashi. Ta sake zura hannu ta fito da reza, da sabulun aski, da buroshi, da ɗan tawul a ninke.

Zvonko ya juyo da ido, don kan ba ya juyuwa.

"Tun daga gida kika taho da su?"

"Tun ranar kabeji suke ciki. Tsaya cik."

Ƙyas. Ƙahon hagu ya zauna a jikin igiyar sarki yana lilo. Aka taso da Zvonko aka zaunar a benci da rabin gashin baki, ƙwallon har yanzu a hannu. Aka kawo man girki, aka kawo ruwan zafi, ta ce ba inda za ta.

Krešo ya dafe kai. "Ba zai iya jifa ba. Mun koma biyar."

"Duba takardarka, Malam," in ji Slavica. "Akwai sunan mai jiran gurbi a ƙasa."

Ta miƙa wa Tunja rezar. Ta zura hannu cikin jakar a karo na uku ta fito da fararen takalman wasa waɗanda gindinsu ya sha katako. Matan Talata da ke bayan ɗakin suka fara tafi suna kiran sunanta.

Tunja na shafa masa kumfa, Zvonko na kallon matarsa. Ta ɗora ƙwallo a tafin hannu. Taku uku. Ta sunkuya ta ajiye ta, ko ƙara ba a ji ba. Ƙwallon ta tafi a natse kamar mai zuwa gaisuwa. Takwas suka kwanta, ta tara ta yi tangaɗi ta yi tunani, ta bi 'yan'uwanta.

"Waƙar coci," in ji Zvonko cikin kumfa.

"Rufe baki, kada in haɗa da hanci," in ji Tunja.

Jasenik ta ci da taɓare goma sha ɗaya. Mutanen Brestik suka hau motocinsu suna cewa ko a haka ba su yi asarar mai ba. Ƙwallon ba ta saki yatsun Zvonko ba sai da aka kai ga wanke kasko.

Kwana uku bai leƙa ƙofar gida ba. Leɓen ya fito fari fat kamar ɓararren ƙwai. Ba ya bin Slavica kicin, ba ya zancen gishiri. Ranar Alhamis da yamma hayaniyar kuglana ta taso, ya tashi zai rufe taga. Slavica ta ajiye masa kwali a kan tebur. Takalman wasa ne, daidai ƙafarsa.

"Dariya za su yi mini."

"Sosai ma. Can dama abin da ake yi ke nan. Kowa da ranarsa. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tsaya a bakin ƙofar kuglana yana murza hula. A cikin kabad ɗin da aka sa wa sabon gilashi, kusa da lotsattsen kofi, ga ƙahon gashin baki an ɗaura masa jan ƙyalle. A teburin 'yan wasa kujeru bakwai ne maimakon shida.

"Wane ne wannan yaron?" in ji Mato. "Ɗan saurayi, babanka ya san kana nan?"

"Shigo, mijin Yaya," in ji Krešo. "Layi na huɗu naka ne. Mun janye kabad."

Goggo Manda ta duba gindin takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ta kauce daga hanya.

Ya ɗauki ƙwallo marar rami. Ya sassauta kafaɗa, ya dubi katakon da ke gabansa. Taku uku, ya ajiye ta. Ta yi ta tafiya, tana karkata, tana neman kwata, ta fasa. Taɓare uku suka faɗi, a layinsa.

Aka yi tafi har da buga tebur. Zvonko ya juyo a hankali, ƙirji a gaba.

"Kun dai ga hannun matar nan ranar Lahadi," in ji shi. "Shekara talatin da ɗaya tana zaune da ni. Kuna tsammani a ina ta ɗauka?"

Ya ɗaga yatsu biyu da ƙasaita, ya murza iska.